Makokin da Ya Riga Mutuwa

A cikin watan Afrilu na shekarar 1980 wani kamfanin faifai na ƙasar Amurka, mai suna Epic, ya fitar da wata waƙa wadda tsawonta bai cika minti 4 ba. Sunanta da Turanci He Stopped Loving Her Today, ma'anarsa kuwa wani mutum ne a ke ba da labarin ya daina son wata mace a yau ɗin nan. Mawaƙin da ya rera ta, George Jones, tun farko bai so ta ba. Ya ce baƙin cikinta ya yi yawa, ba wanda zai ciro kuɗinsa ya sayi irin wannan, har ya yi caca da mai kula da ɗaukar faifan a kan dala 100. Ya kuwa faɗi. Kafin watan Yuli ya ƙare waƙar ta hau kan dukkan waƙoƙin irinta a kasuwar Amurka, har wa yau kuma in masana wannan fanni sun zauna lissafin waƙoƙin da suka fi, da wuya ka ga ba su sa ta kusa da farko ba. Abin da na ke so mu duba a nan shi ne me ya ba ta wannan daraja, da kuma ko ta cancance ta.

Amma tukuna sai mai karatu ya san irin gidan da ta fito. Akwai wani irin kiɗa da waƙa a Amurka da a ke kira kantiri, watau waƙar mutanen karkara. Asalinsa daga kudancin ƙasar ne, musamman tsaunukan Afalaciya, inda talakawan da suka yi ƙaura daga Ingila da Sikotilan da Ailan suka zauna da tsofaffin waƙoƙinsu masu ba da labari. A nan suka gamu da kiɗan baƙaƙen fata waɗanda aka kai bauta daga Afirka ta Yamma, har suka ari wani abin kiɗa mai tsirkiya da a ke kira banjo, wanda a da da ƙwarya da fata a ke yinsa, kamar gurmi. A 1927 aka ɗauki muryoyin wasu daga cikinsu a garin Biristol na jihar Tenesi, daga nan abin ya zama sana'a, birnin Nashbil kuma ya zama kasuwarsa. Wanda ya taɓa jin Jim Reeves ko Don Williams a rediyo, ko a cikin motar haya, to, ya ji ɗanɗanon abin da mu ke magana a kai.

Mutanen nan ba su jin nauyin waƙar mutuwa. Suna da ita iri iri. Akwai wadda iyalin Carter suka rera a 1935, ta ɗa yana bin gawar uwarsa zuwa kabari yana fatan za su sadu a Lahira. Akwai wadda Lefty Frizzell ya rera a 1959, wadda mamacin ne da kansa ke ba da labari daga cikin kabari. Galibinsu dai hanyarsu ɗaya ce da ta marsiyyar da muka sani: an yi rashi, masu rai suna kuka, suna tuna halin wanda ya tafi, suna yi masa fatan rahama. Mutuwa ita ce ƙofar, baƙin ciki ya biyo bayanta.

To, waƙar George Jones ta juya wannan tsari. A cikinta makokin ya riga mutuwar, kuma mamacin ne ya yi shi, ya yi shi kuwa saboda wadda ke da rai. Ranar da ya rasu ita ce ranar da aka tashi daga zaman makoki. Wannan shi ne gindin waƙar, duk sauran abubuwan da za mu yaba ko mu kushe rassa ne.

Ga yadda labarin ya ke. Wani mutum da wata mace sun rabu. Ba a gaya mana ko matarsa ce ko budurwarsa ba, ba a kuma gaya mana dalilin rabuwar ba. Abin da aka gaya mana kaɗai shi ne ya yi mata alkawarin ba zai bar sonta ba muddin yana numfashi, ita kuwa ta ɗauki maganar irin ta masu zafin rabuwa, wadda kwanaki ke shafewa. Shekaru suka yi ta wucewa bai sāke ba. Hotonta na nan rataye a ɗakinsa. Wani lokaci hankalinsa ya kan ɗan gushe. Kullum yana sauraron ko za ta komo. Baiti uku ke nan, kuma duk cikinsu ba abin da ya faru. Mai sauraro yana ta jiran amshi, gama al'adar waƙoƙin nan ita ce a kawo amshi da wuri don ya kama kunne, amma a nan sai aka yi ta jan sa. Wannan jinkiri ba sakaci ba ne. An sa mai sauraro jira ne don ya ɗanɗana kaɗan daga abin da mutumin ya sha.

A cikin baitocin nan akwai guda wanda ya fi tsaya mini a rai, shi ne na wasiƙu. An ce mutumin ya ajiye tsofaffin wasiƙu kusa da gadonsa, masu kwanan watan 1962, ya bi su da jan alƙalami ya ja layi a ƙarƙashin kowace kalmar ƙauna da ke ciki. In an lissafa daga 1962 zuwa shekarar da faifan ya fita, shekara 18 ke nan. Duk wanda ya koyi karatu da girmansa ya san nauyin wasiƙa. Ya san yadda a ke buɗe ta a karanta, a ninke, a sa ƙarƙashin matashi, gobe a sāke buɗewa, har gaɓoɓin takardar su fara yagewa. Ya kuma san aikin jan alƙalami, gama da shi malami ke nuna wa ɗalibi inda zai mai da hankali. Mutumin nan ya mai da kansa ɗalibin takarda guda, ya yi shekara da shekaru yana bitar darasin da mai shi ta riga ta soke. Masu waƙar ba su ce mana yana cikin baƙin ciki ba, ba su kira hawaye ko ƙunar zuciya ba. Sun nuna mana jan layi kurum, suka bar mu da shi. Mawaƙi ƙarami da sai ya cika wurin da kuka da kururuwa.

A baiti na huɗu sai wani sabon mutum ya ɓullo, mai cewa shi ne ya je ganinsa yau. Sai yanzu muka gane ashe tun farko akwai mai ba da labari, aboki ne ko maƙwabci. Ya ce ya iske shi ba hawaye, ya yi ado irin na mai shirin tafiya, fuskarsa da murmushin da aka daɗe ba a gani ba. Wanda ya ji wannan karo na farko, ga kuma sunan waƙar a kunnensa, sai ya ce madalla, mutum ya warke, ya yi wanka zai fita ya shiga jama'a. Sa'an nan amshi ya zo, aka ambaci furannin da aka rataya a ƙofar gidansa, da masu zuwa ɗaukarsa ba da jimawa ba. A nan ne ƙasa ke zamewa ƙarƙashin ƙafar mai sauraro.

Wannan wuri yana bukatar bayani, domin al'adarsu ta jana'iza ba irin ta Musulmi ba ce, in kuwa ba a san ta ba dabarar baitin ba za ta fito ba. A wurinmu in mutum ya cika sai a yi masa wanka, a sa shi a likkafani, a yi masa salla, a kai shi makwancinsa, galibi a ranar. A Amurka kuwa akwai masu sana'ar shirya gawa. Su kan sa mata magani don kada ta lalace, su sa wa namiji kwat da taye irin na zuwa biki, su gyara masa gashi da fuska, har su daidaita leɓɓansa ya zama kamar mai barci cikin jin daɗi. Sa'an nan a kwantar da shi cikin akwati a buɗe, 'yan'uwa da abokai su yi kwana ɗaya ko biyu suna zuwa suna dubansa. A da kuma a kan rataya zoben furanni a ƙofar gida don masu wucewa su san an yi rashi. Saboda haka adon da abokin ya gani adon gawa ne, murmushin kuwa ba na mutumin ba ne, aikin hannun mai shirya gawa ne. Ku duba ɗacin wannan magana! Mutum ya yi shekaru bai yi murmushi ba, wanda aka gani a ƙarshe ma wani ne ya ɗora masa.

Abin lura kuma, ko sau ɗaya ba a ce ya mutu ba. An ambaci mutuwa a farkon waƙa, cikin alkawarinsa, lokacin da kowa ya ɗauke ta zancen baki. Da ta zo da gaske sai aka ƙi kiran sunanta. Mai sauraro ne zai koma da kansa ya haɗa ƙarshen da farko, ya ga ashe alkawarin nan an cika shi daidai, ba ragi ba ƙari. Labarin da mutum ya gano da kansa ya fi wanda aka gaya masa shiga jiki.

Zaɓen mai ba da labari shi ma hikima ce. Da mutumin ne ke magana da bakinsa, da waƙar ta zama ƙorafi, mu kuwa mun san mai ƙorafin so ba ya daɗewa bai gundure mutane ba. Da matar ce, da ta zama ko nadama ko kare kai. Sai aka ba wani na gefe, wanda ya ga abin tun daga nesa, ya ji tausayi, watakila ya yi nasiha har ya gaji. Irin wannan mutum ba ya kuka a gidan makoki, ya kan tsaya daga bakin ƙofa ne ya faɗi abin da ya gani.

Bayan amshi sai waƙa ta tsaya, mawaƙi ya koma magana kamar mai zance da na kusa da shi, kiɗa yana tafiya a hankali a ƙarƙashi. Ya ce matar ta zo ganinsa na ƙarshe, jama'a kuwa da ma suna ta tunanin ko za ta zo. Ya rufe da abin da ya yi ta yi masa yawo a zuci, cewa wannan karo kam mutumin ya rabu da ita har abada. Wannan yanki ba ya cikin waƙar sa'ad da aka fara tsara ta. Mutum biyu ne suka rubuta ta, Bobby Braddock da Curly Putman, mai kula da ɗaukar faifan kuwa, Billy Sherrill, shi ya yi ta komar da su suna gyara, har aka jinkirta mutuwar aka kuma kawo matar wurin jana'iza. A ganina gyaran nan ne ya fid da waƙar daga cikin tsaranta. Mutumin ya ƙare ransa yana jiran ta komo, ta kuwa komo, amma ran da ba shi da idon ganinta. Ba a sa mata magana ko ɗaya a baki ba. Ba mu san ko ta yi kuka ba, ko ta zo da miji, ko kunyar jama'a ce ta kawo ta. Wasu na ganin wannan rashin adalci ne gare ta. Ni kuwa ina ganin adalci ne babba, domin ba a kira ta maciyar amana ba, ba a ɗora mata jininsa ba. Ta gaya masa gaskiyarta tun farko, shi ne bai karɓa ba.

Yanzu sai mu zo ga muryar. An haifi George Jones a jihar Teksas a 1931, ya tashi cikin talauci, ya yi suna tun wajen 1955. A 1969 ya auri wata shahararriyar mawaƙiya, Tammy Wynette, suka rabu a 1975. Bayan rabuwar giya da ƙwaya suka ci ƙarfinsa. Ya kan karɓi aikin wasa ya ƙi zuwa, har aka yi masa laƙabi da wannan hali. A 1978 bashi ya kai shi gaban kotu ya bayyana ya karye. Cikin wannan hali aka ɗauki waƙar, kuma an sha wuya. Ya yi ta rera ta da karin wata waƙa dabam ta Kris Kristofferson, ana gyara masa yana komawa. Wurin maganar nan kuwa sai da aka yi watanni da yawa kafin a samu, gama in ya sha yana iya rerawa, amma in ya zo magana sai harshensa ya harɗe. Faifan da a ke ji kamar an yi shi a zama ɗaya, ɗinki ne aka yi masa guntu guntu.

Jama'ar Amurka sun san duk labarin aurensa, saboda haka da suka ji waƙar sai suka ce ai kansa ya ke wa kuka. Wannan ya taimaki ciniki, ba shakka, amma bai kamata mai nazari ya tsaya nan ba. Mashaya masu karyayyar zuciya suna da yawa, ba kowannensu ke iya waƙa ba. Abin da Jones ya iya shi ne riƙe murya. Ya kan rera kamar haƙoransa a haɗe, ya kama gaɓa guda ya ja ta, ya lanƙwasa ta ƙasa, ya sake ta kafin ta karye. A baitocin farko yana tafiya ƙasa ƙasa kamar mai gudun kada ya ta da mai barci. Sai a amshi ya buɗe maƙogwaro, ko a nan ma bai saki duka ba. Ana jin mutum ne mai kuka a ciki yana hana shi fita, wannan kuwa ya fi kukan kansa taɓa zuciya.

Inda na ke da magana shi ne wajen kiɗa. Farkonsa ba laifi: babu dogon share fage, muryar ce ke fara shiga, sai 'yar sarewar baki da wata gita da a ke kwantarwa a goga mata sandan ƙarfe, mai sauti kamar shessheƙa. Amma da aka kusa amshi sai Sherrill ya turo rundunar gogen Turawa suna hawa sama, a wurin maganar kuma ya sa wata mace tana jan murya siririya daga nesa kamar ta fatalwa. Masu son faifan suna cewa wannan hawan shi ne ransa. Ni dai ina ganin an yi wa miya gishiri biyu. Kalmomin sun yi ƙoƙari ƙwarai su ɓoye hawaye, sai makaɗa suka zo suna nuna wa mai sauraro daidai inda zai zubar da nasa. Abin da ya cece ta shi ne muryar Jones ba ta bi su ba, ta tsaya inda ta ke.

Saura tambaya mai wuya. Shin mutumin nan abin yabo ne? Da yawa daga masu sauraro sun ɗauke shi gwarzon amana, har a kan sa waƙar a jana'izar mazan da suka yi zaman lafiya da matansu har tsufa. Ina jin waɗannan ba su saurara da kyau ba. Mijin da ya zauna da matarsa shekara 50 ya ci da ita, ya yi jinyarta, ya yi haƙuri da halinta, wannan shi ne mai amana. Na cikin waƙar ba da mace ya zauna ba, da hoto da takardu ya zauna. Ita ta ci gaba da rayuwarta, ta tsufa, ta sāke kama, shi kuwa yana riƙe da yarinyar 1962. Hausawa sun ce son maso wani ƙoshin wahala, malamai kuma sun san labarin Majnunu da Laila, wanda mawaƙan Larabawa da na Farisa suka daɗe suna juyawa, ba don a yi koyi da shi ba, sai don a ga iyakar inda so ke kai mutum. Har matar da mijinta ya rasu an yanka mata wata 4 da kwana 10 na takaba, daga nan ta fita ta shiga duniya. Makokin da ba shi da ranar fita ba a kiransa haƙuri.

Amma kada a ce waƙar ce ta yi wannan kuskure. Ita ba ta yabe shi ba, ba ta kuma zarge shi ba. Ta faɗa a fili hankalinsa ya kan gushe. Maganar ƙarshe ta abokin, wadda a ke ji kamar ta'aziyya, in an duba ta da kyau ba'a ce mai ɗaci, irin wadda mutum ke yi a zuci a gidan makoki ba ya iya faɗa wa kowa: an yi shekaru ana cewa ya manta, ga shi yau ya manta. Cikin wannan magana akwai tausayi, akwai gajiya, akwai ɗan fushi, har da wani sauƙi da mai maganar ke jin kunyar ji. Duk wanda ya taɓa jinyar wanda ya ƙi warkewa ya san wannan cakuɗe. Samun waƙar da ta iya ɗaukarsa duka cikin 'yan kalmomi ba abu ne mai sauƙi ba, a nan ne kuwa na ke ganin ta ci sunan da ta yi. Ta sami lambar waƙar shekara ta ƙungiyar masu wannan kiɗa sau biyu a jere, a 1980 da 1981, Jones kuma ya sami lambar Grammy saboda ita, daga baya Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka ya sa ta cikin faya-fayan da za a adana wa 'yan baya.

Shi mawaƙin bai bi sawun mutumin waƙarsa ba. Waƙar ta komo masa da suna da kuɗi, ko da ya ke ba ta raba shi da kwalba nan take ba. A 1983 ya auri wata mata mai suna Nancy, wadda ta tsaya a kansa tsayin daka. Tammy Wynette ta rasu a 1998. A 1999 ya yi mummunan haɗarin mota, bayansa ya bar sha. Ya ci gaba da yawon wasa har tsufa, kuma da wuya ya sauka daga dandali bai rera waƙar nan da ya ce ba mai saye ba. Ya rasu a Nashbil ran 26 ga Afrilu, 2013, yana da shekara 81. Ran 2 ga Mayu aka yi taron jana'izarsa a babban zauren Grand Ole Opry, mawaƙa suka yi ta hawa ɗaya bayan ɗaya, har wani daga cikinsu, Vince Gill, kuka ya ci ƙarfinsa a tsakiyar tasa waƙar. Alan Jackson ne ya hau daga ƙarshe, ya rera wannan waƙa, ya cire hularsa. Nancy tana zaune a sahun gaba, shekararsu 30 da aure.